Shan Ƙwaya Da Riƙon Asirin Gwamnati A Ƙasar Amurka

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ma'anar wannan magana ita ce mutumin kirki yana iya riƙe asiri. Kowane gida yana da asirinsa, kowace ƙungiya tana da nata. Manoma in za su zaɓi ma'ajin ƙungiya, sai sun duba wanda ya san darajar amana. Mai dabbobi in zai ba da kiwo, sai ya bincika halin makiyayin tukuna. Uba kuwa ba ya ba da ɗiyarsa aure sai ya aika an tambayo masa halin yaron a garinsu.

Gwamnatoci ma haka suke yi. Kowace gwamnati tana da asirin da ba ta son abokan gaba su sani: inda ta ajiye makamanta, shirin sojojinta, da sunayen masu kawo mata labari a ɓoye. Ba kowane ma'aikaci ake nuna wa waɗannan abubuwa ba. Sai an tona halinsa an ga ya cancanta.

A ƙasar Amurka an rubuta ƙa'idodin wannan bincike filla-filla, kowa yana iya karanta su. Ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da ake yi wa mai neman aikin ita ce: ka taɓa shan ƙwaya? Amsar wannan tambaya ta raba mutane da yawa da aikin da suka yi shekaru suna karatu dominsa. Wasu kuma sun sha a da, amma an karɓe su. Ga yadda abin yake tafiya, da dalilin wannan bambanci.

Mene ne iznin ganin asiri?

Iznin ganin asiri shaida ce da gwamnatin Amurka take ba mutum, cewa ta bincike shi ta yarda da shi. Sojoji da yawa suna bukatar wannan izni. Haka ma'aikatan ofishin jakadanci, da ƴan leƙen asiri, da ma'aikatan kamfanonin da ke ƙera wa gwamnati jirage da makamai. Wani lokaci har direba ko mai gyaran lantarki yana bukatarsa, in aikinsa yana shigar da shi ɗakin da ake ajiye takardun asiri.

Asirin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne wanda in ya fita zai yi wa ƙasa ɓarna. Na biyu shi ne wanda zai yi babbar ɓarna. Na uku, wanda ya fi duka tsauri, shi ne wanda zai yi mummunar ɓarna ƙwarai da gaske. Gwargwadon hawan da mutum zai taka, gwargwadon zurfin binciken da za a yi masa.

Masu wannan izni suna da yawa. A ƙidayar da gwamnati ta yi a shekarar 2019, sun kai kimanin mutum miliyan 4 da dubu 200. Mutum ba ya zuwa da kansa ya saye shi ko ya roƙa. Sai ma'aikatar da za ta ɗauke shi aiki ta nema masa. In an hana shi, sau da yawa aikin ma ya tafi ke nan, domin ba zai iya yin sa ba sai da izni.

A shekarar 1988 babbar kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani ma'aikacin rundunar sojan ruwa mai suna Egan. Kotun ta ce babu wanda ganin asirin gwamnati yake haƙƙinsa ne. Amana ce, gwamnati ke ba wanda ta yarda da shi. Ƙa'idar kuma ta ce in akwai shakka game da mutum, to tsaron ƙasa ake sa wa gaba.

Yadda ake binciken

Da farko ana ba mai neman aikin wata doguwar takarda ya cika. Wadda aka daɗe ana aiki da ita sunanta SF-86, shafinta ya wuce 100. A ciki zai faɗi duk inda ya zauna da duk inda ya yi aiki cikin shekara 10 da suka wuce. Zai faɗi danginsa, da ƙasashen da ya je, da bashin da ake bin sa, da ko an taɓa kama shi. Zai kuma ba da sunan mutum uku da suka san shi sosai.

Akwai sashe guda na maganar ƙwaya. Ana tambayarsa ko ya sha wata haramtacciyar ƙwaya cikin shekara 7 da suka wuce. In ya sha, wace iri ce, yaushe ya fara, yaushe ya bari, sau nawa. Ana tambayarsa ko ya saya, ko ya sayar, ko ya noma. Ana tambayarsa ko ya sha maganin likita ba yadda lokotoro ya rubuta ba. Akwai tambayar da ba ta da iyakar shekaru: ko ya taɓa sha a lokacin da yake riƙe da iznin ganin asiri. Daga ƙarshe ana tambayarsa ko yana da niyyar sake sha nan gaba.

Bayan ya cika takarda ya sa hannu, sai masu bincike su fita. Suna duba littattafan ƴan sanda da na kotu. In hawan babba ne, sai su je wurin maƙwabta, da abokan makaranta, da tsoffin abokan aiki. Sukan tambayi wanda aka ba su sunansa ya faɗi wani kuma da ya san mutumin. Ta haka suke kaiwa ga waɗanda shi bai ambata ba. Wasu hukumomi, kamar hukumar leƙen asiri ta CIA, suna ɗaura wa mutum na'urar gane ƙarya. Na'urar tana auna bugun zuciya da numfashi da gumi lokacin da yake ba da amsa.

Daga nan sai a miƙa komi ga masu yanke shawara. Suna da ƙa'idodi 13 da suke auna mutum da su. Tsarin da aka sabunta ya fara aiki a watan Yuni na shekarar 2017. Ɗaya ta shafi kuɗi da bashi, ɗaya ta shafi giya, ɗaya ta shafi gaskiya da ƙarya, ɗaya kuma ta ƙwaya ce.

Me ya sa ake tsoron mai shan ƙwaya?

Dalili na farko shi ne hankali. Ƙwaya tana taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya bugu ba ya iya tsare bakinsa. Yana iya mance takarda a mota, ko ya faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙo.

Dalili na biyu shi ne doka. Wanda ya san an hana abu, ya kuma yi, ya nuna yana zaɓen dokar da zai bi. Aikin asiri kuwa duk dokoki ne: kulle wannan, kar ka fita da wancan, kar ka gaya wa ko matarka. Masu bincike suna cewa wanda ya raina doka guda yana iya raina ta biyu.

Dalili na uku shi ne kuɗi. Ƙwaya tana cin dukiya. Albashi ya ƙare, sai a shiga bashi. Mai bashin da ya rasa mafita shi ne ɗan leƙen asirin wata ƙasa yake nema, domin yana da abin sayarwa kuma yana cikin matsi.

Dalili na huɗu shi ne tsoro. Wanda yake sha a ɓoye yana tsoron a tona shi. Duk wanda ya san asirinsa ya sami igiyar jan sa. Sai ya ce masa: ka kawo mini takarda kaza, ko in gaya wa shugabanka. Mai sayar masa da ƙwayar ma ya san shi, ya san gidansa, ya san rauninsa.

Abubuwan da suka faru

Waɗannan ƙa'idodi ba haka kawai aka ƙago su ba. Akwai abubuwan da suka faru da suka sa gwamnati ta tsananta.

A shekarar 1974 wani saurayi mai suna Christopher Boyce ya sami aiki a kamfanin TRW, a jihar Kaliforniya. Kamfanin yana yi wa gwamnati aikin taurarin ɗan Adam na leƙen asiri. An ba Boyce izni na hawan ƙoli, aka sa shi a ɗakin da saƙonnin asiri ke shigowa. Yana da wani abokin ƙuruciya, Andrew Daulton Lee, wanda sana'arsa fataucin ƙwaya ce. Boyce ya riƙa fito da asirai, Lee yana kai su ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a birnin Meziko yana karɓar kuɗi. A watan Janairu na 1977 ƴan sandan Meziko suka kama Lee a ƙofar ofishin. An yanke wa Boyce shekara 40 a gidan kaso, Lee kuma ɗaurin rai da rai. Boyce ya ce fushi da gwamnatinsu ne ya sa shi. Amma da ba shi da aboki ɗan fataucin ƙwaya, wanda ya saba da tsallake iyaka da kaya a ɓoye, da wuya ya sami hanyar kai takardun. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A watan Mayu na 1981, da dare, wani jirgin sama ya faɗi a kan babban jirgin ruwan yaƙi mai suna Nimitz. Mutum 14 suka mutu. Da likitoci suka duba gawarwakin, sai suka sami alamar wiwi a jikin 6 daga cikinsu. Ba a ce wiwi ne ya kawo haɗarin ba. Amma labarin ya girgiza ƙasar, domin ya nuna yadda shaye-shaye ya yi yawa a cikin soja. Daga nan aka tsananta auna fitsarin sojoji ba tare da an sanar da su ranar ba. A shekarar 1986 shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan umurnin da ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya shan ƙwaya, ko a wurin aiki ko a gida.

Akwai kuma labarin Edward Lee Howard, ma'aikacin CIA. An horar da shi, an nuna masa asirai masu nauyi, ana shirin tura shi birnin Mosko. A shekarar 1983 aka ɗaura masa na'urar gane ƙarya. Sai maganar shan ƙwaya da ƴan sace-sace ta fito, fiye da abin da aka sani a da. Aka kore shi. Ya fita da fushi, ya dulmuya cikin shan giya. Hukumomin Amurka sun ce daga baya ya sayar wa Sobiyet abin da ya sani. A 1985, ana cikin sa masa ido, ya sulale ya gudu. Ya ƙare rayuwarsa a Rasha, inda ya mutu a 2002. Wannan ya koya wa hukumar cewa gara a gano halin mutum tun a bakin ƙofa, kafin a buɗe masa ɗaki.

A shekarar 2016 ma an gano wasu matasan sojojin sama suna shan wata ƙwaya mai suna LSD, mai sa mutum ya ga abin da babu. Suna aiki a wani sansani a jihar Wayomin, kuma aikinsu gadin makamai masu linzami na nukiliya ne. Ba a bakin aiki suke sha ba, amma an hukunta 14, kotun soja ta sami 6 daga cikinsu da laifi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Abubuwan da ke hana izni

Ƙa'idar ƙwaya ta lissafa abubuwan da ke sa a yi shakkar mutum. Ga su:

Na 1, shan kowace haramtacciyar ƙwaya, kamar hodar iblis da ire-irenta.

Na 2, a auna fitsarin mutum a sami ƙwaya.

Na 3, ajiye ta, ko noma ta, ko saye, ko sayarwa, ko rarrabawa.

Na 4, lokotoro ya tabbatar cewa ƙwaya ta kama mutum, ba ya iya bari.

Na 5, a sa mutum magani domin ya bari, ya ƙi ƙarasawa.

Na 6, sha bayan an riga an ba mutum izni ko an ɗora shi a kan aikin amana. Wannan ya fi nauyi, domin cin amana ne a fili.

Na 7, mutum ya ce zai ci gaba da sha, ko ya kasa cewa ƙarara ya bari.

Bayan waɗannan akwai wata doka ta majalisa, ta shekarar 2008, da ake kira da sunan sanata Bond wanda ya kawo ta. Dokar ta ce babu hukumar da za ta ba da izni ga wanda yake shan haramtacciyar ƙwaya a halin yanzu, ko wanda ta riga ta kama. A nan babu roƙo, babu alfarma.

Ƙa'idar ta haɗa har da maganin likita in an sha shi ba bisa hanya ba, da abubuwan da ake shaƙa domin a bugu, irin su sholishon facin taya. Tiramol, wanda mutanen karkara a Nijar suka sani sosai, misali ne. Asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani. A Amurka tun shekarar 2014 yana cikin magungunan da gwamnatin tarayya ta sa wa takunkumi. Wanda lokotoro ya rubuta wa, ya sha yadda aka ce, babu laifi a kansa. Wanda ya karɓa hannun aboki, ko ya ninka adadin domin ya ji daɗi ko ya ƙara ƙarfin aiki, ya faɗa cikin masu shan ƙwaya.

Rikicin tabar wiwi

Maganar wiwi ta rikita matasa da yawa a Amurka. Ƙasar tana da jihohi 50, kowace da dokokinta, sannan ga dokar tarayya a bisansu. Dokar tarayya ta shekarar 1970 ta haramta wiwi. Amma a 1996 jihar Kaliforniya ta yarda a yi magani da shi. A 2012 jihohin Kolorado da Washintan suka yarda manya su sha. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 sun bi wannan hanya.

To sai saurayi ya shiga kanti a garinsu ya sayi wiwi, ɗan sanda yana kallonsa bai ce komi ba. Shekara ta zagayo, ya nemi aikin gwamnati, sai a ce masa ya karya doka. Dalili kuwa shi ne iznin ganin asiri na gwamnatin tarayya ne, dokarta ake bi, kuma ba ta halatta shan wiwi domin jin daɗi ba. Tun a 2014 shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, ya rubuta wa ma'aikatu cewa dokar jiha ba ta canja komi ba a wannan fanni. A watan Maris na 2021 fadar shugaban ƙasa da kanta ta sanar cewa ma'aikatanta 5 sun rasa aikinsu a kan maganar shan ƙwaya a baya.

A watan Disamba na 2021 Avril Haines, wadda ke riƙe da kujerar Clapper a lokacin, ta fitar da sabon bayani. Ta ce shan wiwi a da abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke wa mutum hukunci. Ta kuma shawarci duk mai neman izni ya bari tun daga ranar da ya sa hannu a takarda. A 2023 an amince da wata sabuwar takardar tambayoyi da ta ware wiwi daban da sauran ƙwayoyi. Sassaucin ya shafi wanda ya sha ya bari. Wanda yake kan sha, ƙofa a rufe take.

Ƙofar wanda ya bari

Masu yanke shawara ba su duban laifi guda su rufe ido ga sauran rayuwar mutum. Ƙa'idarsu ta ce a auna mutum gaba ɗayansa. Suna tambaya: wace irin ƙwaya ce? Sau ɗaya ne ko kullum? Shekararsa nawa a lokacin? Yaushe rabonsa da ita? Akwai alamar zai koma?

Yaron da ya ɗanɗana wiwi sau biyu yana makaranta, ya bari shekaru da yawa, ba ɗaya yake da magidancin da ya sha watan jiya ba. Ƙa'idar ba ta yanke adadin shekarun da za a jira ba. Amma duk yadda lokacin ya yi nisa, haka shakka take raguwa.

An rubuta abubuwan da ke wanke mutum. Ya amsa laifinsa da bakinsa. Ya rabu da abokan da yake sha da su. Ya daina zuwa wuraren da ake sha. Ya rubuta alkawari ya sa hannu cewa ba zai koma ba, kuma ya yarda in ya koma a ƙwace izninsa. In ƙwayar ta kama shi, ya je ya yi magani har ƙarshe, lokotoro ya ba da shaida mai kyau. Wanda kuma ya zarce da shan maganin likita bayan doguwar rashin lafiya, in ya bari, ana yi masa uzuri.

Abin lura a nan shi ne, faɗi da baki ba ya isa. Ana son a ga canji a zaman mutum: abokansa, wurin hirarsa, da yadda yake riƙe aikinsa. Wanda ya ce ya bari amma kullum yana zaune a dandalin masu sha, ba a cika yarda da shi ba.

Ƙarya ta fi ƙwayar illa

Babban ramin da masu neman aiki suke faɗawa shi ne ɓoyewa. Mutum ya ga tambaya, gabansa ya faɗi, sai ya rubuta bai taɓa sha ba. Yana ganin babu wanda zai sani. Amma abokin makaranta ya sani, tsohuwar budurwa ta sani, littafin ƴan sanda yana nan. Wani kuma sai bayan shekaru, an zo ƙara masa girma, a sake ba shi takarda ko a ɗaura masa na'ura, amsarsa ta yau ta saɓa da ta jiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In haka ta faru, laifi ya zama biyu. Na ƙwaya yana iya tsufa ya wuce. Na ƙarya kuwa sabo ne, kuma ya taɓa tushen abin da ake nema, wato gaskiya. Sau da yawa akan hana mutum izni saboda ƙaryar, alhali da ya faɗi gaskiya tun farko da an karɓe shi. Bayan haka, yi wa gwamnati ƙarya da gangan a wannan takarda laifi ne da ke iya kai mutum kaso har shekara 5.

Domin a ƙarfafa wa mutane gwiwa su faɗi gaskiya, an rubuta wani alkawari a sashen ƙwaya na takardar SF-86. An ce amsar gaskiya da mutum ya bayar a wurin ba za a ɗauke ta a kai shi kotu da ita ba. Hikimar a fili take. Asirin da mutum ya faɗa da bakinsa ya daina zama igiya a wuyansa. Babu wanda zai tsorata shi da abin da shugabanninsa suka riga suka sani.

In an hana mutum

Wanda aka ga bai cancanta ba, ana rubuta masa dalilai a takarda. Ma'aikacin kamfanin da ke aiki da ma'aikatar tsaro yana da kwana 20 ya ba da amsa. Yana iya neman a saurare shi a gaban alƙalin wani ofishi da ake kira DOHA. Yana iya zuwa da lauya da shaidu. In bai gamsu ba, yana iya ɗaukaka ƙara. Ofishin yana buga hukunce-hukuncensa ba tare da sunayen mutane ba, domin na baya su koya. A cikinsu matsalar bashi ce ta fi yawa, maganar ƙwaya da ta ƙarya kuma suna cikin na gaba-gaba.

Wanda aka ba izni ma bai kuɓuta daga sa ido ba. A da akan sake bincikensa bayan shekara 5 ko 10. Daga baya aka koma duba labarinsa a kai a kai da kwamfuta. In an kama shi, ko ya shiga maganin barin ƙwaya, wajibi ne ya sanar. In ya ga abokin aikinsa yana sha, shi ma wajibi ne ya faɗa.

Abin koyi

Amurka tana da nisa, dokokinta kuma nata ne. Amma tambayar da masu bincikenta suke yi, ita ce dattawan kowane gari suke yi kafin su ba da amana: yaya hankalinsa, su wa ne abokansa, yana faɗin gaskiya?

A Nijar ma wanda zai shiga soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, ana neman takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta shi ba, kuma likita yana duba lafiyarsa. Saurayin da aka kama da ƙullin wiwi aka yanke masa hukunci yana ɗan shekara 18, takardar tana iya tare masa hanya ranar da ya zo neman aiki. Mai tallan tiramol a kasuwa ba ya gaya wa yaro wannan. Yana ce masa zai nome gona biyu a yini bai gaji ba. Ba ya faɗin farfaɗiyar da yawan shan ke kawowa, balle mutuncin da ke zubewa.

Saboda haka ya kamata iyaye su san abokan ɗiyansu, su san inda suke hira da dare. Saurayin da bai fara ba, kar ya fara. Wanda ya fara, hanyar dawowa tana nan: ya bari, ya canja abokai, ya je likita a taimake shi, in an tambaye shi kuma ya faɗi gaskiya. Malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu wannan labari, waɗanda suka iya karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.